Fim ɗin tarihin Bee Gees: wanda ya rage shi kaɗai ke ba da labari

Sadauki_Fagge:
Salamu alaikum 'yan zaure. Wa ya kalli fim ɗin tarihin Bee Gees, wanda Frank Marshall ya ba da umarni, HBO ta sake shi a watan Disamba na 2020? Sunansa How Can You Mend a Broken Heart, sunan wata waƙarsu ce ta 1971. Ga wanda bai san su ba, 'yan'uwa uku ne uwa ɗaya uba ɗaya, Barry Gibb da ƙannensa tagwaye, Robin da Maurice. A tsibirin Man aka haife su, suka yi ƙuruciya a Manchesta, iyayensu suka kwashe su zuwa Ostireliya a 1958, suka dawo Ingila a farkon 1967 neman suna, kuma suka samu.

Fim ya haɗu, ba na musu. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Maurice ya mutu a 2003, Robin a 2012, Barry kaɗai ya rage. Babbar rigimar gidan kuwa tsakanin Barry da Robin aka yi ta, a kan wa zai ja waƙa. To ga shi an zaunar da Barry yana ba da labari, shi kuwa Robin sai guntayen tsofaffin hirarrakinsa da wani ya zaɓa ya yanko. Ni a ganina shari'a ce da aka ji ta bakin mutum ɗaya. Sannan ina son jin ra'ayinku, zama 'yan'uwan nan shi ya ɗaga su, ko shi ya hana su zaman lafiya?

Ummu_Haidar:
Wa alaikumus salam. Na kalla. Malam Sadauki, ai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wa kake so a zaunar in ba shi ba? Kuma ka yi masa adalci. Tun a farkon fim ɗin shi da bakinsa ya nuna cewa abin da zai faɗa yadda shi ya tuna ne, da ƙannensa na nan da wataƙila daban za su ba da labarin. Wanda ya fara da haka ai bai zo da yaudara ba.

DanTasha99:
Su waye kuma waɗannan? Da na ga 'yan'uwa mawaƙa na ɗauka maganar P-Square za a yi.

Baba_MaiKaset:
Yaro, ka san su, suna ne ba ka sani ba. Ni na yi sana'ar ɗaukar kaset a Sabon Garin Kano a shekarun 1980. Mutum zai zo da takarda ya rubuta waƙoƙin da yake so, ni kuma in ɗauko masa daga faifan garmaho in zuba a kaset. Wanda aka fi nema a lokacin su ne Don Williams da Kenny Rogers da Dolly Parton. Waƙar nan ta Kenny da Dolly, Islands in the Stream, ta 1983, na ɗauke ta har faifan ya fara tsalle, sai na ɗora kwabo a kan hannun allurar kafin ya tafi daidai. To su waɗannan 'yan'uwan uku su suka rubuta ta. Haka Heartbreaker ta Dionne Warwick, haka Woman in Love ta Barbra Streisand, haka Chain Reaction ta Diana Ross, duk daga gidansu suka fito. Mutanenmu sun sha waƙoƙinsu ba tare da sun san fuskarsu ba.

DanTasha99:
Baba ranka ya daɗe, kwabo kuma a kan allura? Mu dai mun zo mun tarar da waya.

Hajiya_Zinariya:
Mu nan disko ta hanyar Indiya ya fi shigo mana. Disco Dancer na Mithun Chakraborty, 1982. Ba yaron unguwarmu da bai iya rawar nan ba. Sai da na kalli wannan fim ɗin na ga Saturday Night Fever na John Travolta, fim ɗin disko da Bee Gees suka yi wa waƙoƙi, ya riga shi da shekara biyar, na gane inda Indiyawa suka ɗebo kayansu.

Kundi_Zariya:
Bari in koma kan tambayar Malam Sadauki, don yana da gaskiya ta wani ɓangare. A 1969 suka fitar da kundin Odessa. Aka zo zaɓen waƙar da za a sa a gaban ƙaramin faifai, wadda gidajen rediyo za su riƙa sawa. Robin yana son Lamplight, wadda shi ya ja. Manajansu Robert Stigwood ya zaɓi First of May, wadda Barry ya ja, aka mai da ta Robin bayan faifai. Robin ya yi fushi ya fice, yana ɗan shekara 19. Ya je ya yi tasa shi kaɗai, Saved by the Bell, ta kuma karɓu a Ingila. Har sai da yayarsu Lesley ta tsaya a madadinsa a wani wasa a Landan.

Abin lura shi ne Robin ba ɗan amshi ba ne. Massachusetts, wadda ta fara kai su lamba ɗaya a Ingila a 1967, muryarsa ce. I Started a Joke muryarsa ce. To mutum yana ganin da muryarsa aka gina gidan, sai a tura shi baya, ai dole ya ji zafi. Fim ɗin ya kawo rigimar, bai ɓoye ba, amma ya wuce da sauri, kamar ƙuruciya ce kawai da giyar suna.

Ummu_Haidar:
To ba ƙuruciyar ba ce? Barry ma a lokacin shekararsa 22. Yara ne aka zuba musu kuɗi da motoci, ba mai ce musu a'a.

Sadauki_Fagge:
Hajiya Ummu, da ƙuruciya ce kawai da ta wuce da suka girma. Ba ta wuce ba. Bayan mutuwar Maurice sun shekara da shekaru ba sa ga-maciji sosai, kowa na harkarsa. Barry da kansa ya taɓa faɗa a wata hira, bayan mutuwar Robin, cewa abin da ya fi damunsa shi ne duk ƙanin da ya rasa, ya rasa shi ne a lokacin da ba sa shiri. Wannan ba rigimar yara ba ce.

Abu_Sumayya:
Ku ji tsoron Allah. Kun zauna kuna ɓata lokaci a kan makaɗan Turawa.

Mai_Unguwa:
Malam Abu Sumayya, mun gode da nasiha, Allah ya saka. Zauren nan na finafinai da tarihi ne, an rubuta a ƙa'idojin shiga. Wanda batun bai yi masa ba ya jira na gaba. A ci gaba.

Injiniya_Beat:
Ni ɓangaren situdiyo ne ya kama ni, don sana'ata ce. Wanda yake haɗa kiɗa da kwamfuta ya kamata ya kalli wurin da aka yi bayanin Stayin' Alive. A 1977 suna aiki a wani tsohon gidan sarauta a Faransa, Château d'Hérouville, sai mai gangarsu Dennis Bryon ya koma gida saboda halin da mahaifiyarsa ke ciki. Ba mai ganga, aiki kuma ba zai tsaya ba. Sai furodusoshinsu, Albhy Galuten da Karl Richardson, suka ɗauko gangar da ya riga ya buga a Night Fever, suka zaɓi ɗan gaɓa biyu da suka fi tsayuwa daidai, suka kwafa a wani zaren tef, suka yanka da reza, suka manne baki da baki ya zama zobe. Zoben ya yi tsawon da ba zai zauna a kan inji ba, sai da aka zagaya da shi ta jikin sandar makirufo yana juyawa. A kan wannan zoben aka ɗora jita da murya da komai. Har suka yi tsokana suka rubuta sunan wani mai ganga na ƙarya a jikin faifan, Bernard Lupe, mutane suka yi ta nemansa ya zo ya buga musu.

Abin da yaro yake yi yau da danna maɓalli biyu, shi mutanen nan suka yi da reza da gam. Shi ya sa gangar waƙar ba ta gaba ba ta baya daga farko har ƙarshe.

Nas_Rukayya:
Injiniya ka tuna mini. A horon ceton rai da waƙar nan ake koya wa mutane danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya. Ana son dannawa 100 zuwa 120 a minti ɗaya, bugun waƙar kuma ya ɗan haura 100 kaɗan, don haka in kana rera ta a zuci hannunka zai tafi daidai. Ni ta nan na fara saninta, ban san masu ita 'yan gida ɗaya ba ne.

Injiniya_Beat:
Kin gani? Zoben tef ɗin ne ya jawo haka. Da mutum ne ya buga da wani wuri zai ɗan yi sauri.

Gwani_Bakura:
Maganar 'yan'uwa su yi waƙa tare ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kiɗan fada da na noma gado ne. Ku duba ƙungiyar makaɗi irin na da, za ku tarar masu amshi da masu kiɗa ƙanne ne da 'ya'ya da 'ya'yan 'yan'uwa. Me ya sa ba a cika jin sun watse ba? Don an san gaba an san baya. Mutum ɗaya ke jan waƙa, saura su karɓa. Ƙane ko ya fi wansa zaƙin murya zai jira lokacinsa, in babba ya gaza ko ya kau sai a ba shi. Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Su waɗannan sun tashi da masu ja biyu, kowa na ganin shi ne, uban kuma bai raba musu gardama ba, sai wani manaja bare ne ke zaɓa.

Kundi_Zariya:
Gwani, tsarin namu yana hana rigima a fili, amma ka lissafa muryoyin da ya binne. Ƙane nawa ne ya tsufa yana amshi alhali ya fi mai ja? Da Robin ya bi wannan tsarin da ba mu ji muryarsa ba.

Gwani_Bakura:
Da kuma ya mutu suna shiri da wansa. Kai wanne ka zaɓa?

Kundi_Zariya:
Wannan tambayar ta fi ƙarfina da daren nan.

JosBoy_Terminus:
DanTasha bai yi kuskure ba da ya kawo P-Square. Peter da Paul Okoye a nan Jos aka haife su a 1981, tagwaye, yayansu Jude kuma shi ne manaja. Sun rabu a 2017, kowa ya ɗauki sunansa, Mr P da Rudeboy. Suka shirya a ƙarshen 2021, mutane suka yi ta murna, a 2024 aka sake jin sun watse. Ni abin da na lura, duk wanda ka ji waƙarsa shi kaɗai sai ka ji kamar da saura. Haka fim ɗin ya nuna game da su Barry, lokacin da suka rabu ba wanda ya kai inda suka kai tare. A 1970 suka koma, a 1971 suka samu lamba ɗaya ta farko a Amurka.

Tauraruwa_Mrd:
A cikin fim ɗin akwai inda Noel Gallagher na ƙungiyar waƙa ta Oasis yake cewa muryar 'yan'uwa in ta haɗu wani kayan kiɗa ne da ba a sayar da shi a kanti. Dariya ta kama ni, don shi kansa a lokacin da aka yi hirar shekara da shekaru ba sa magana da ƙaninsa Liam. An kuma sa Nick Jonas, shi ma ƙungiyarsu ta 'yan'uwa ta taɓa watsewa. Masu fim ɗin sun san waɗanda suka gayyato.

Amma maganar tasa gaskiya ce. 'Yan gida ɗaya lafazinsu ɗaya, inda suke jan numfashi ɗaya, tun suna yara suke jin juna. Ku saurari Lijadu Sisters na nan Najeriya, Taiwo da Kehinde, ba za ka iya raba muryar wannan da ta waccan ba.

Alhaji_Kwari:
Ni ban san waƙa ba, amma na san kasuwanci da ɗan'uwa. Shago ɗaya muka gada ni da wana. Shi ke zuwa sari, ni ke zama. Matsalar ba kuɗi ba ce, wallahi ba mu taɓa faɗa a kan kuɗi ba. Matsalar ita ce in bare ya yi maka ba daidai ba, ka sallame shi, magana ta ƙare a kasuwa. In wanka ne, maganar za ta bi ka gida, ta shiga ɗakin tsohuwa, ta fito a wurin suna. Kuma ba a kan dilar atamfar ake faɗan ba, a kan abin da ya faru kuna yara ne. Ranar da ya ce mini a gaban yaran shago ban san kaya ba, ba maganar ranar na ji ba, ta shekara talatin na ji. Ƙanenmu shi ya riƙa kai kawo a tsakaninmu, in na faɗa masa magana mai zafi sai ya sanyaya ta kafin ya isar. Da na ji ana cewa haka Maurice yake tsakanin Barry da Robin sai na ce to, kowane gida da irinsa. Mu dai a ƙarshe raba shagon muka yi, muka tsira da zumunci.

Ummu_Haidar:
Alhaji ka taɓo wanda na fi tausayi. Maurice shi ke buga jitar bas da fiyano, shi ke haɗa muryoyi, shi ke sulhu, amma ba a cika ambatonsa ba. Ya sha fama da giya shekaru da yawa, aurensa na farko da mawaƙiya Lulu bai ɗore ba. Daga baya ya daina. Sai ga shi ciwon murɗewar hanji ya ɗauke shi farat ɗaya a Mayami yana da shekara 53. Yana tafiya ƙungiyar ta tsaya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa ke riƙe da ita.

Sadauki_Fagge:
To kin dawo kan maganata. Mai sulhu shi ya fi kowa sanin gaskiyar rigima, don ya ji ta kowane ɓangare. Shi kuma ya riga kowa tafiya cikin ukun.

Dr_Tarihi:
Ku bar rigimar gida tukuna, akwai ɓangaren da ya fi nauyi a wurina, wato daren 12 ga Yulin 1979 a filin wasa na Comiskey Park a Shikago. Wani mai gabatar da shiri a rediyo, Steve Dahl, ya sanar cewa duk wanda ya zo da faifan disko zai shiga kallon wasannin ƙwallon baseball biyu na daren a kan santi 98, za a tara faya-fayan a tsakiyar fili a tarwatsa su da nakiya. Mutane suka cika filin ya batse, aka fasa faya-fayan, matasa suka afka cikin fili, wasa na biyu bai yiwu ba. Fim ɗin ya kawo Vince Lawrence, baƙar fata, wanda a daren yana yaro yana aikin nuna wa mutane wurin zama. Ya ce ya lura da yawa daga faya-fayan da aka kawo ba na disko ba ne, na mawaƙa baƙaƙe ne kawai. A fahimtarsa ba kiɗa ake ƙi ba, masu kiɗan ake ƙi.

Kafin wannan daren, kundin Saturday Night Fever ya yi mako 24 a lamba ɗaya a Amurka, ya ci Grammy na kundin shekara. A farkon 1978 waƙoƙi huɗu a jere da suka hau lamba ɗaya duk da hannun Barry a rubutunsu. Bayan daren, gidajen rediyo suka juya musu baya, har wasu na tallar cewa ƙarshen makon nan ba za ku ji Bee Gees ba. Wannan ne ya sa suka koma rubuta wa wasu, waƙoƙin da Baba Mai Kaset ya lissafa.

Bakin_Ganga:
Dakta, a nan ni fim ɗin ya ɗan ba ni haushi. Disko a gidajen rawa na baƙaƙe da 'yan Latin na New York ya tashi. Siririyar muryar nan da Barry ya yi suna da ita, ƙungiyoyin mawaƙa baƙaƙe irin su Stylistics da Delfonics sun daɗe suna yi. Turawa uku suka zo suka zama fuskar abin, suka kwashi kuɗi mafi tsoka. Da wuta ta tashi, su sun koma gidajensu na Mayami suna rubuta wa Streisand waƙa, mawaƙa baƙaƙe da yawa kuwa kasuwarsu ta mutu. Sai a nuna mana su ne abin tausayi?

Dr_Tarihi:
Ba su musa inda suka ɗauko ba, a cikin fim ɗin ma an faɗa. Kuma ba da rana tsaka suka faɗo ciki ba. To Love Somebody ta 1967 da Otis Redding, mawaƙi baƙar fata, a zuciya aka rubuta ta, ya mutu a haɗarin jirgin sama a Disambar shekarar bai rera ba. A 1974 sun faɗi warwas, suna wasa a ƙananan kulob na arewacin Ingila. Mawaƙi Eric Clapton ya ba su shawarar su koma Mayami, suka yi aiki da furodusa Arif Mardin, Baturke ɗan Istanbul wanda ya yi aiki da Aretha Franklin. Mardin ne ya tambaya ko akwai mai iya ƙwalla ƙara a sama cikin Nights on Broadway, Barry ya gwada, daga nan muryar ta samo asali. Bugun Jive Talkin' kuma daga ƙarar tayar mota a kan gadar da suke bi zuwa situdiyo suka ɗauko shi. Amma batun wa ya fi cin riba, wannan ban ja da kai ba.

Bakin_Ganga:
Faɗin inda ka ɗauko daban, raba riba daban.

Baba_MaiKaset:
Mu a nan ba mu san an ƙona komai a Shikago ba. Har tsakiyar shekarun 1980 ana neman disko a shagona.

Hajiya_Zinariya:
Ba wanda ya yi maganar Gambonsu. Andy, wanda ya biyo bayan tagwayen, an haife shi a 1958. Ba ya cikin ƙungiyar, shi kaɗai yake waƙa, Barry na rubuta masa. Waƙoƙinsa uku na farko a Amurka duk sun hau lamba ɗaya, bai fi shekara 20 ba. Hodar iblis ta shiga rayuwarsa, komai ya lalace. Ya mutu a watan Maris na 1988 da ciwon kumburin zuciya, kwana biyar bayan ya cika 30. Ni uwarsu Barbara nake tunani. Ta binne Andy, ta binne mijinta a 1992, ta binne Maurice, ta binne Robin, ita kuma sai 2016 ta mutu tana da shekara 95. Da ni ke shirya fim ɗin da na ba ta fili fiye da haka.

Ummu_Haidar:
Kai, Hajiya. 'Ya'ya uku. Allah kada ya jarrabe mu da irin wannan.

Kundi_Zariya:
Ga wata hujja ga Malam Sadauki. A 1978, suna kan ganiyarsu, sun fito a fim ɗin Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band tare da Peter Frampton, suna rera waƙoƙin Beatles. Stigwood ne ya shirya. Fim ɗin ya sha suka, ya zama abin dariya. A wannan fim ɗin tarihin an tsallake shi kamar ba a yi ba. Haka shekarun bayan 1980 an bi su a guje, alhali a 1987 sun koma lamba ɗaya a Ingila da You Win Again, sun kuma ci gaba da fitar da kundi har 2001. In an iya share abin kunya ɗaya da kowa ya sani, me zai hana a share na cikin gida da ba wanda ya sani?

Tauraruwa_Mrd:
Fim ɗin bai kai awa biyu ba, aikin kuma na sama da shekara 40 ne. Dole a zubar da wani abu.

Kundi_Zariya:
Dole a zubar, amma a duba me aka zaɓa aka zubar.

Ummu_Haidar:
Ni dai abin da ba za ku ƙwace mini ba shi ne ƙarshen fim ɗin, inda Barry ya nuna da za a dawo masa da ƙannensa da ya yafe duk waƙoƙin da suka yi suna. Tsoho ne mai sama da shekara 70, an ba shi sarautar Sir a 2018, yana da duk abin da ake nema, kuma ka ga ba shi da wanda zai ce wa ka tuna ranar kaza. Wannan ba wasan kwaikwayo ba ne.

Sadauki_Fagge:
Ban ce ƙarya yake ba, Hajiya. Na yarda kewar gaskiya ce. Amma kewar mamaci ta fi zama da rayayye sauƙi. Lokacin da Robin ke raye, yana Ingila Barry na Mayami, akwai waya, akwai jirgi.

Alhaji_Kwari:
Malam Sadauki, wannan maganar taka da ni take. Bari in kira wana kafin ya kwanta.

Gwani_Bakura:
Alhaji a gaishe shi. Amma har yanzu Kundi bai ba ni amsa ba.

JosBoy_Terminus:
In an tashi yin na P-Square a yi shi yanzu, duk ukun na raye, kowa a zaunar da shi ɗaki daban.

DanTasha99:
Wa zai iya zaunar da su? Ni dai ku faɗa mini, akwai wanda aka fassara da Hausa irin na Indiya? In babu, data nawa zai ci?

Injiniya_Beat:
Ni da Turanci na kalla. Ka sauke mai ƙaramin nauyi da daddare, amma ka sa abin kunne mai kyau, in ba haka ba wurin da aka ware muryoyin ukun ɗaya bayan ɗaya zai wuce ka.